Ƙwaryar da Aka Aiko daga Roni

Babi na Bakwai

"Ƙwarya ɗaya ce fa, Sadiyya. Ƙwarya ɗaya tak."

Sadiyya ta ɗago kai ta dubi Musaddiƙ kamar yau ta fara ganinsa. Suna zaune a falon baƙi na gidansu da ke Kazaure, bayan sallar la'asar, ruwan da aka tafka da rana bai gama tsanewa daga duwatsun bayan unguwa ba. Mayafi biyu ta yafa. Tun da aka yi mata aikin nan sanyi ya aure ta, ko ana zafi sai ta ji shi har cikin ƙashi.

"Sake faɗa in ji," in ji ta.

Ya sunkuyar da kai yana juya makullin mota a hannunsa.

Ga yadda maganar take. Mutanen gidan su Musaddiƙ a Roni Fulani ne da suka daɗe da zama, har Fillancin ya fara suɓuce wa yaransu, amma akwai al'ada guda da suka riƙe gam. Duk ɗan da aka haifa a gidan, ranar suna ake ba shi karsana. In ya girma ya ga matar aure, kafin a sa rana sai a tatso nonon shanunsa, a dama fura da zuma da man shanu cikin ƙwarya, a ba gwaggonsa ta kai wa yarinyar. A gabanta za ta sha, ta shanye tas, a mayar wa uwar miji ƙwarya babu komai. Wadda ta rage kuwa, a wurinsu ta ce ba ta son arzikin gidan ke nan, kuma ba a ƙara tayar da zancenta.

Jibi Asabar Gwaggo Dela za ta zo da ƙwaryar.

Ita kuwa Sadiyya, wata goma sha ɗaya ke nan da aka yanke mata kusan kashi uku cikin huɗu na tumbinta a wani asibiti a Abuja, don a raba ta da ƙibar da ta so kashe ta. Abin da aka bar mata bai fi girman ayaba ba. Cokali shida na shinkafa sun ishe ta, na bakwai shi ne fitina.

Kuma Musaddiƙ ya san duk wannan. Abin da ya fi yi mata ciwo ke nan.

"Kai ne fa ka kai mu tasha ranar da za mu tafi," ta ce. "Kai Dakta Rhoda ta yi wa bayani a waya, da bakinta ta ce maka zaƙi da maiƙo su ne abokan gabata. Kuma kai likitan dabbobi ne, Musaddiƙ. Kullum kana kasuwar shanu ta Babura kana yi wa mutane faɗa kada su ɗura wa ɗan maraƙi abin da ya fi cikinsa."

"Na sani."

"To, me ya sa?"

"Dada ce."

Dada ita ce mahaifiyarsa, Hajiya Fatu. Shekara uku da suka wuce ta ga Sadiyya a wani biki a Roni, lokacin tana da kilo ɗari da arba'in da shida, ta cika kujera tana haki tana murmushin dole. Dada ta riƙe haɓa ta ce, "Tubarkalla! Wannan ita ce mace." Ita ta fara yi wa ɗanta zancenta ma, ba ta san sun riga sun daidaita ba.

Watan jiya aka nuna mata sabon hoton Sadiyya. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Wa ya cinye yarinyar nan?"

Aka je aka yi gwajin jini, aka aika mata takarda. Ta ce takarda ba ta ganin sammu.

"Ta rantse," in ji Musaddiƙ, "in ƙwaryar ta koma da ko ludayi ɗaya, ranar Lahadi za ta tura Kawu Hamma garin Gwiwa a nema min 'yar ƙanwarta. Kin san ta daɗe tana ajiye min ita."

"To ka faɗa mata gaskiya mana."

"Ummanki ta sa na yi mata alkawarin ba zan faɗa wa kowa ba, kin manta? Kuma ko babu alkawari, kin san halin Dada. In ta ji an cire miki wani abu a jiki, an gama. Ita ko saniya ce kunnenta ya yage, ba ta yarda a shigo da ita garke."

"Saniya," in ji Sadiyya a hankali.

"Wallahi ba haka nake nufi ba!"

"Na ji. Ci gaba."

Ya matso bakin kujera, ya yi ƙasa da murya. "Ki riƙa sha kaɗan-kaɗan, kina jan ta da hira. Gwaggo akwai surutu. In ta tafi sai ki shiga bayi ki amayar, shi ke nan, an wuce wurin."

Sai a lokacin hawayen da take ta dannewa suka zubo.

"Har aman ma ka tsara min."

"Sadiyya..."

"Bari in tambaye ka. Kana tsammanin don in yi kyau na yarda aka kwantar da ni aka sa min wuƙa? Ko don in sa rigar da 'yan mata ke sawa? Kana nan ranar jana'izar Yaya Zubaida. Kana tsaye a ƙofar gida, na hango ka ta taga."

Ya rufe fuska da hannu.

"Shekararta talatin da ɗaya. Ɗaki ɗaya muke kwana, akushi ɗaya muke ci, likita ɗaya ya ce mana sukari da hawan jini sun kama mu. Da ta rasu, makara ta ƙi fita ta ƙofar ɗakinmu. Sai da aka cire ƙyaure, aka kira magini ya fasa gefen bango, mata na tsaye suna kallo. Ina ji da kunnena wata ta ce, 'Saura ƙanwar.' Ko ƙasa ba ta yi da murya ba."

"Ki yi haƙuri, don Allah ki daina."

"Ba zan daina ba. Har yanzu in na kwanta da rana ina jin numfashinta a gadon da ke gefena. Wannan minsharin da take yi, ya tsaya cak, ina ƙirga ɗaya, biyu, uku, sai ya dawo. Ran nan na ƙirga har ashirin bai dawo ba. Shi ne nake gudu, Musaddiƙ. Kai kuma ka zo kana ce min ƙwarya ɗaya ce."

Shi ma kukan yake yi yanzu, namiji guda, hawaye har gemu.

"Ba zan iya rayuwa babu ke ba," ya ce. "Tun kina yadda kike nake son ki, lokacin da abokaina ke min dariya. Yanzu ma ina son ki. Amma Dada ita ta haife ni, ita kaɗai ta rage min. Ki taimake ni, Sadiyya. Sau ɗaya."

Ta daɗe tana kallonsa. Tana son sa, wannan ita ce masifar. Shi ne mutum na farko da ya taɓa kallon fuskarta kafin ya kalli jikinta.

Aka kira magariba. Ya miƙe, ya tsaya yana jiran ta ce wani abu.

"Allah Ya kai mu Asabar," in ji ta.

*

Ranar Juma'a da hantsi ta sami mahaifiyarta, Hajiya Uwa, a tsakar gida tana tsince wake. Kafin ta isa wurinta sai da ta fito ta ƙofar ɗakin nan. Simintin da magini ya liƙa a gefe ya fi sauran bangon duhu, an shafa fenti sau biyu ya ƙi ɓoyuwa. Har yau in za ta wuce sai ta karkata jiki, alhali yanzu ita da wata za su iya jerawa su fita.

"Umma, ki bar ni in faɗa wa Gwaggo Dela gaskiya."

Umma ba ta ɗago ba. "Wace gaskiya?"

"Cewa aiki aka yi min."

"Ki ce mata me? 'Yar Hajiya Uwa ta tafi Abuja an rage ta? Kafin ta kai tashar Roni labarin ya riga ta isa. Su ce kin raina halittar Ubangiji. Su ce ba za ki haihu ba."

"Dakta ta ce zan haihu. Ta ce in jira shekara ɗaya da rabi ne kawai."

"Dakta ce za ta bi gida-gida tana yi musu bayani?"

Kai, mutanen garin nan, Allah Ya shirye mu baki ɗaya! Lokacin da Sadiyya ke da jiki, masu adaidaita sahu kuɗin mutum biyu suke karɓa a wurinta, 'yan matan unguwa na kiranta buhun Babura a bayan idonta. Da ta rame kuma sai tausayi ya tashi, irin tausayin da gara zagi da shi. Wannan ta kawo rubutu, waccan ta kawo hayaƙi. Wata a wurin aikinsu ta daina shan ruwa da kofinta. Wata tsohuwa ma ta tare ta a hanya ta yi mata ta'aziyyar Sadiyya, wai ta ɗauka ita ce ta rasu, wannan kuwa wata 'yar'uwarsu ce.

"Umma, in na sha zan faɗi."

"Za ki faɗi ki tashi." Umma ta ajiye faifan wake, sai ga idonta ya kaɗa ya yi ja. "Na binne ɗaya ba ta taɓa shiga ɗakin miji ba. Kayan ɗakinta suna nan ƙarƙashin gadona, ko kwalin ban buɗe ba. Ke ma so kike in ajiye naki a kansu? Shekararki ashirin da tara, Sadiyya. Yaron nan shi ne ya tsaya."

Sadiyya ta durƙusa ta ɗora kai a cinyar uwarta. Umma ta sa hannu tana shafa mata kai, ta ji yadda gashin ya yi shara-shara tun bayan aikin, ta janye hannun da sauri.

Ranar ko ɗan kifin da ta saba ci da rana ba ta iya ci ba. Ta haɗiye ƙwayoyinta na ƙarin jini da ruwa, ta kwanta ta juya wa ɗaya gadon baya.

*

Asabar da misalin sha ɗaya motar Musaddiƙ ta tsaya a ƙofar gida. Shi ya zauna a ciki, don ba a shiga da namiji wannan sha'ani. Gwaggo Dela ta fito rungume da ƙwarya, an rufe ta da sabon faifai an ɗaure da farin ƙyalle.

Gwaggo Dela ƙanwar mahaifinsa ce, 'yar guntuwar tsohuwa mai bakin goro da dariyar da ake ji daga zaure. Ba muguwa ba ce. Da muguwa ce ma da abin ya zo da sauƙi.

Aka shimfiɗa darduma a falon baƙi, aka gaisa, aka tambayi mutanen Roni da damina da shanu. Sannan aka kira Sadiyya. Ta shigo ta durƙusa nesa, kanta a ƙasa.

"Ina kwana, Gwaggo."

Dariyar tsohuwar ta ɗauke. Ta dube ta tun daga wuya har yatsun hannu.

"La'ilaha illallahu. 'Yar nan, ke ce? Hajiya, ashe abin har ya kai haka?"

"Likita ne ya hana ta wasu abubuwa, saboda sukari," in ji Umma. Karatun da ta haddace ke nan, wata goma sha ɗaya tana bita.

"Likita! Su dai ba su iya komai ba sai hani. Matso nan, amaryarmu, yau za ki sha abin da babu likitan da ya isa ya hana."

Ta kwance ƙyallen, ta ɗaga faifai. Ƙamshin kindirmo da zuma ya cika falon. Ƙwaryar ba ƙarama ba ce, ta cika har baki, man shanu na yawo a sama rawaya-rawaya.

"Nonon jikar karsanarsa ce, ta ranar suna. Da asuba Fatu da kanta ta tatsa, ba ta yarda kowa ya taɓa ba. Zuma kuwa kwalba guda ta juye, ta ce yarinyar na bukata. Bisimilla."

Sadiyya ta karɓi ludayi. Ta dubi Umma. Umma na kallon darduma, bakinta na motsi.

Ludayi na farko ya wuce. Daɗi ne da shi, wallahi, daɗin da ta manta akwai irinsa a duniya, har sai da idonta ya ciko. Irin furar da suke sha ita da Yaya Zubaida ke nan, kwano ɗaya, ludayi biyu, suna rige-rigen gayan da ya kwanta a ƙasa.

Na biyu. Na uku.

A na huɗu tumbin ya ce mata ya isa. Ta san alamar: wani nauyi a ƙarƙashin ƙirji, kamar an tura mata dunƙulen hannu.

"Kunyar me kike ji?" in ji Gwaggo. "Uwar mijinki ranar da aka kai mata tata, har ludayin ta lashe. Sha, 'yar nan."

Na biyar. Na shida. Ta tsaya tana numfashi, ta tambayi Gwaggo lafiyar jikoki, kamar yadda Musaddiƙ ya koya mata. Gwaggo ta ba ta labarin jikoki tun daga na fari har auta, amma idonta na kan ƙwarya.

Na bakwai. Na takwas. Na tara.

Ta leƙa ciki. Ko rabi ba ta yi ba.

Zufa ta fara tsattsafo mata a goshi, ita da kullum take jin sanyi. Zuciyarta ta shiga bugawa fat-fat-fat har cikin kunne. Ludayin ya fara rawa a hannunta, nono na zuba a zaninta.

"Yauwa, haka nake so," in ji Gwaggo, tana ganin ƙoƙari ake. "Kin ga, in kin gama da wannan sauran mai sauƙi ne. Fatu ta ce kafin biki a ba ni ke kwana arba'in a Roni, in mayar da ke yadda ta gan ki. Na tanadi gero, na tanadi kaji, har ƙwayar nan da 'yan mata ke sha su yi ɓul-ɓul na sa an sayo min. Da ikon Allah ranar ɗaurin aure kujera ba za ta ɗauke ki ba."

Ludayin ya tsaya a bakin Sadiyya.

Kwana arba'in. Ashe ba ƙwarya ɗaya ba ce.

Sai ta ji shi. Numfashin nan, da rana tsaka, a falon baƙi, dab da kafaɗarta ta hagu. Ya ja da ƙyar, ya tsaya. Ba ta waiwaya ba, don ta san wadda za ta gani zaune a gefenta ta cika darduma, riƙe da nata ludayin. Ta fara ƙirgawa a ranta. Ɗaya. Biyu. Uku.

Falon ya juya. Ta yunƙura za ta tashi, ƙafafunta suka ƙi. Amai ya taho mata, ta kife a gefen darduma, daga nan ba ta ƙara sanin inda take ba.

"Innalillahi! Hajiya, ruwa! Na faɗa, wallahi sammu ne, ga shi nonon halal ya taɓa shi ya motsa!"

Muryar Gwaggo ce ta fara dawo mata, daga nesa. Ta ji an tallafe kanta, ana yayyafa mata ruwa, ana tofa mata addu'a. Ta ji hannu na sassauta mata zani, ana ɗage mata riga don ta sha iska.

Sai addu'ar ta tsaya.

Sadiyya ta buɗe ido. Gwaggo Dela na durƙushe a kanta, ta ƙura wa cikinta ido. Fatar da ta saki ta ninku kamar zanin da ba a goge ba. A kanta ga tabo guda biyar, ƙanana, a jere, irin waɗanda ba ƙaya ko ƙurji ke bari ba.

Umma ta yi wuf za ta ja rigar. Sadiyya ta riƙe mata hannu.

"Bar ta ta gani, Umma."

"Sadiyya!"

"Na gaji." Muryarta da ƙyar take fita. Ta kamo hannun tsohuwar ta ɗora a kan tabon da ya fi girma. "Gwaggo, babu wanda ya yi min sammu. Ba ni da cutar da ake faɗa. Likitoci ne suka shiga ta nan suka yanke min tumbi, da yardata, don ƙibar da Dada ta gani ta yaba ita ce ta kashe yayata, kuma ni ce a layi. Abin da ya rage min ba ya ɗaukar wannan ƙwaryar. Ba raini ba ne. Wallahi da zan iya, da har ƙwaryar na cinye saboda ɗanku."

Umma ta fashe da kuka, ta juya fuska bango.

Gwaggo Dela ba ta janye hannunta ba.

"In an mayar da ke yadda kike fa?"

"Sai a sake kiran magini."

Tsohuwar ba ta gane ba, sai da Umma ta yi mata bayani cikin kuka, kalma biyu-uku. Ta saki salati a hankali.

"Shi Musaddiƙun ya sani?"

Sadiyya ta rufe ido. Wannan kaɗai ya ishi tsohuwar amsa.

Gwaggo Dela ta miƙe tsaye. Ko takalmi ba ta sa ba ta fita. Daga falo suna jin ta a ƙofar gida, kuma babu shakka maƙwabta ma sun ji.

"Fito! Fito nan, don ƙaniyarka! Tun daga Roni kake tuƙa ni, ina rungume da abin da zai kayar da 'yar mutane, kana ce min 'Gwaggo riƙe da kyau kada ya zube'! Da ta mutu a hannuna fa? Me zan ce wa Ubangijina?"

Ta shigo da shi tana jan hannun rigarsa kamar ɗan yaye. Umma ta yi sauri ta lulluɓe Sadiyya da mayafi, ta jingina ta da kujera.

Musaddiƙ ya tsaya a bakin ƙofa. Ya ga dardumar da ta ɓaci, ya ga ludayi a yashe, ya ga fuskar Sadiyya ta yi fari fat, leɓenta ya bushe. Ya zube a kan gwiwoyinsa.

"Sadiyya, ki yafe min."

"Tara na sha," in ji ta. "Na yi iyakar ƙoƙarina. Ka san da zancen kwana arba'in?"

Ya kawar da kai.

"Ka sani."

"Na ce in an wuce yau zan san yadda zan yi da shi."

"Haka za mu yi ta yi? Yau ƙwarya, gobe kwana arba'in, jibi in na shiga gidanku kullum a zubo min akushi a tsaya a kaina, kai kana waje cikin mota?" Hawaye na bin kuncinta, ba ta share ba. "Ina son ka, Musaddiƙ, Allah Ya sani. Amma ba zan mutu don a ce na yi kyau a lalle ba."

Kafin ya buɗe baki wayarsa ta yi ƙara a aljihu. Ya ciro, ya duba, jikinsa ya yi sanyi.

"Ita ce?" in ji Gwaggo.

Ya ɗaga kai.

"To ɗauka. Kuma ka buɗe murya kowa ya ji. Ni dai ba zan yi wa matar yayana ƙarya ba, ba kuma zan zubar da nonon nan a hanya in ce an shanye ba. Saura kai."

Ya danna. Muryar Dada ta fito tar, da kukan maraƙi a bayanta.

"Musaddiƙu, kun gama? Ta shanye?"

Umma ta haɗa hannu biyu tana roƙonsa da ido. Sadiyya ba ta roƙe shi komai ba. Kallonsa kawai take yi.

"Dada," ya ce. "Ba ta shanye ba."

Bai jira amsarta ba, ya ci gaba.

"Kuma ba za ta shanye ba, ko yau ko nan da shekara goma. Aiki aka yi mata a asibiti don a ceci ranta, an rage mata tumbi. Na sani tun farko na ɓoye miki, na bari aka kawo mata, ta sha don ni har ta faɗi. Laifina ne, ba nata ba. Dada, ki yi min rai. Ita nake so, a haka, yadda take."

Sadiyya ta kama hannun Umma ta matse.

Da Dada ta yi magana, ba ta ɗaga murya ba, ba ta yi faɗa ba. Da ma ta yi.

"Dela na kusa?"

"Ga ni, Fatu."

"Ki rufe min ƙwaryata ki taho da ita yadda take. Shi kuwa kada ya kawo ki. Ki hau motar haya."

Wayar ta katse.

Gwaggo Dela ta durƙusa, ta ɗauki faifai ta rufe ƙwaryar, ta shiga ɗaure farin ƙyallen, ƙullin ya ƙi kamawa. Musaddiƙ na nan durƙushe inda yake, riƙe da waya, bai tashi ya bi ta ba.